Kwana Tara Garkar Mata Ba Ruwa

Yoshiya bai taɓa yin aiki a ƙarƙashin kowa ba, kuma yana jin daɗin faɗin haka. A Maradi aka haife shi, ɗan wani dattijon majami'a ne, a can kuma ya koyi aikin wutar sola. Da masu garake, wato lambunan bakin tabkin Madarumfa, suka gaji da tsadar esansin injin ban-ruwa suka fara komawa ga hasken rana, sai ya kwaso matarsa Saloma da ɗansu Toma ya kama haya a garin. Jarinsa duka bai wuce moto da akwatin kayan aiki da littafin faktir ba, wato takardar da yake rubuta kuɗin aikinsa ya buga mata hatimi. Wanda ya kira shi ya je ya yi, a biya shi ya dawo gida.

Aiki mafi girma da ya taɓa samu ta hannun Alhaji Abdurrahman ya zo. Alhaji ɗan kwangila ne mai biro, wato ofis, a Maradi. Wata ƙungiyar agaji ta ba shi kwangilar sa wa garkar wasu mata ruwa a kan hanyar Safo, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya kafa shato, tankin ruwa na sama, saura haɗa famfo da pano, faifan da ke kama hasken rana. Shi ne ya nemo Yoshiya. Suka yi ciniki a kan jikka ɗari huɗu da hamsin na sefa, har da wayoyi da bututu da akwatin da ke raba wuta tsakanin pano da famfo, wanda masu sana'ar ke kira ƙwaƙwalwa. Alhaji ya ba shi jikka hamsin kafin alƙalami, ya ce sauran ranar da ruwa ya fito. Kayan kuwa Yoshiya ya karɓo su bashi a kantin Ɗanladi, mai sayar da kayan wuta a kasuwar Madarumfa.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a garkar. Mata talatin da huɗu ne ke nomanta, kowace da fangulanta, shugabarsu wata dattijuwa ce doguwa mai suna Dije, wadda kowa ke kira Inna. Shekara ashirin suna jan ruwa da guga, tafin hannunsu duk ya yi kanta. Kullum da rana ta take sai Inna Dije ta zo da ƙwaryar fura ko dambun zogale ta ajiye masa a inuwar shato.

"Ɗan nan, sauko ka ci," in ji ta. "Ba a aikin ruwa da ƙishirwa."

Ranar da ya danna maɓalli ruwa ya taho yana gurnani a cikin bututu, matan suka rangaɗa guɗa har masunta na bakin tabki suka ɗago kai. Wata mai suna Ɗelu, bazawara mai ƴaƴa uku, ta tara hannu biyu ta wanke fuskarta tana dariya tana hawaye. Da zai tafi suka cika masa buhu da albasa da shu, wato kabeji, suka ɗaure a bayan moto.

Washegari ya kai faktir biron Alhaji. A watan Oktoba ke nan.

Alhaji ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, ba ya ɓuya. Wannan ne ma ya sa sha'aninsa ya yi wuya. Duk zuwan da Yoshiya zai yi sai a shigar da shi ɗaki mai sanyi, a kawo masa lemo, Alhaji ya tambayi lafiyar Madam da yaro. Zuwan farko ya ce ƙungiyar ba ta saki kuɗi ba tukuna. Na biyu ya ce an yi kuskure a kwanan watan faktir, a sake rubuto wata. Na uku yana Yamai. Na huɗu ya dafa kafaɗarsa ya ce akwai garake shida da za a yi a Gabi bana, kuma bai ga wanda zai ba sai shi.

"Ka yi haƙuri, Malam Yoshiya. Ni da kai duka jira muke. In ta faɗo, kai ne na farko."

Sai ya zaro jikka biyu ya ce a sha esansi. Yoshiya ya karɓa da hannu biyu yana cewa, "Na gode, ranka shi daɗe." A kan hanyar komawa, yana kauce wa ramuka da amalanken jakai, yakan tsara maganganu masu zafi da zai faɗa in ya sake zuwa. In ya sake zuwa, ya shiga sanyin nan, aka ambaci garaken Gabi, sai su narke.

Wata shida aka yi haka. Ɗanladi ya daina ba shi ko inci ɗaya na waya. Ayyuka biyu suka kuɓuce masa saboda ba shi da abin sayen kaya. Saloma, wadda ke ɗinki a gida, ita ta riƙe cefane da kuɗin haya, ba ta kuma taɓa yi masa gori ba, abin da ya fi gorin ciwo.

Wata ranar kasuwa Ɗanladi ya tsare shi a bakin kanti.

"Wai kai ba ka san sana'arka ba ne? Ƙwaƙwalwar nan ta wa ce? Ni na ba ka, ba a biya ni ba, kai ma ba a biya ka ba. Je ka ciro ta. Kwana biyu in matan nan suka rasa ruwa, kukansu zai kai Yamai. Ƙungiya ta kira Alhaji, Alhaji ya neme ka da kuɗi a hannu. Haka kowa ke yi."

Da ya faɗa wa Saloma, tana tsaka da ɗinki, sai ta ɗauke ƙafa daga kan keke.

"Baban Toma, matan ne suka ci maka kuɗi?"

"Ba su ba ne. Amma ta nan zai ji."

"Ka bar jaki za ka daki taiki. Ka je wurin masu ƙungiyar mana, ka nuna musu takardunka."

"In na kai ƙarar Alhaji, aikin Gabi ya tafi ke nan. Kwana biyu ne kawai, Saloma. Ba abin da zai mutu a kwana biyu."

Ta dube shi ta ce bazara ce fa, sannan ta mayar da ƙafarta kan keke.

Da hantsi ya isa garkar. Watan Afrilu ne, tabki ya ja baya ya bar laka ta tsattsage, amma cikin shingen matan kore shar. Tattasai ya yi fure, tumatir ya fara ɗaurawa, a gefe guda ga dubban ƴan itatuwan zogale a cikin leda, waɗanda matan suka rena don sayarwa da faɗuwar damina. Inna Dije ta taso da fara'a.

"Lale da ɗana! Ka zo duba muna lafiyar famfo?"

Ya ce eh. Ya durƙusa a gindin shato ya kashe wuta, ya kwance ƙusoshi huɗu, ya zare wayoyi. Aikin bai ɗauke shi minti goma ba. Tana tsaye tana ba shi labarin yadda suka sayar da albasar bana, da yadda Ɗelu ta sayi tunkiya. Sai da ya ɗaure akwatin a bayan moto, ya hau, sannan ya iya buɗe baki.

"Inna, ba gyara zan kai ta ba. Ba a biya ni kuɗin aikina ba. Wata shida. In an biya zan dawo da ita."

Ta kalli akwatin, kamar ba ta gane yaren da ya yi ba.

"Mu ne ba mu biya ba?"

"Alhaji ne."

"Mu dai kason da aka ɗora muna mun haɗa mun ba shi tun kafin a haƙa rijiya. Takarda na nan ɗakina." Ta matso ta dafa kan moton. "Ɗan nan, dubi rana. Ka san abin da wagga rana ke yi ma tattasai."

"Ku kira masu ƙungiya, Inna. Ku gaya musu abin da ya faru. Kwana biyu ne."

Ta ɗauke hannunta. Ya tayar da moto bai waiwaya ba.

Matan sun kira lambar da suke da ita, amma ta ma'aikacin da ya yi musu rajista ce, shi kuwa an mayar da shi wata jiha tun ƙarshen shekara. Sai suka kira Alhaji. Alhaji ya ce shi ya gama aikinsa, an yi bikin miƙa garka, abin da ya biyo baya tsakaninsu ne da mai gyaransu. Da Yoshiya ya same shi a waya a rana ta uku, ko fushi bai yi ba.

"Kai, Malam Yoshiya, me ya kai ka? Ai ka ɓata wa kanka suna. Mayar musu, mu yi magana in na dawo daga tafiya."

A nan ya kamata ya mayar. Ya san haka tun a lokacin, ba daga baya ba. Amma ya ga in ya mayar hannu wofi ya zama abin dariya: Alhaji ya ci, Ɗanladi ya yi masa ba'a, matan kuma sun riga sun ƙi shi. Sai ya ce bari a ƙara kwana ɗaya. Akwatin yana ajiye a ƙarƙashin gado, kullum da safe in zai ɗauki takalmi sai ya gan shi.

A rana ta biyar wani aiki ya bi da shi ta hanyar Safo. Daga nesa ya hango su a jere, sun fito daga bakin tabki da bokitai a kai, tafiyar da ta fi kilomita ɗaya cikin laka da rana. Tsohuwar rijiyarsu ta guga ta rufta tun da aka daina amfani da ita. Amalanke biyu na jaki na biye da su ɗauke da jarkoki, kowace jarka dala goma. Ya rage gudu, sannan ya sauke gilashin hularsa ya wuce. Ran nan bai iya cin tuwo ba. Saloma ta rufe kwanon ta ajiye.

A rana ta tara, bayan la'asar, aka yi sallama a ƙofar gida. Inna Dije ce da Ɗelu da wata mata. Saloma ta shimfiɗa musu tabarma ta kawo ruwa, suka sha. Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin leda ta ajiye a gabansa.

"Jikka ɗari da tamanin ne. Kuɗin asusunmu ne, da abin da kowa ta iya. Wasu sun sai da awaki. Ba mu da sauran, wallahi da muna da shi da mun kawo. Ka taimake mu ka maido muna ruwa."

Saloma na tsaye a ƙofar ɗaki, ya ji idonta a kan ƙeyarsa. Abin da zai faɗa a fili yake: ku ɗauki kuɗinku, Inna, ba ku nake bi ba. Maganar ta zo har bakinsa. Sai ya tuna Ɗanladi, ya tuna wata shida na lemo da jikka biyu-biyu. Ya miƙa hannu ya jawo ledar. Har ƙirgawa ya yi, a gabansu, tsofaffin takardu masu laushi da ƙanshin daddawa, da tarin silalla. Ɗelu ta kawar da kai tana kallon bango.

Kafin magariba ya mayar da ƙwaƙwalwar. Ruwa ya fito kamar yadda ya fito ranar farko, amma ba wadda ta yi guɗa. Ya bi fangulan da kallo. Furen tattasai ya zube ƙasa, tumatir ya yanƙwane a jikin reshe. Matan sun zaɓi abin da za su ceta da ɗan ruwan da suke iya ɗaukowa, sun bar sauran. Ƴan zogalen cikin leda, da ba su da zurfin ƙasa, sun zama tsinke, layi bayan layi.

Ya kai wa Ɗanladi kuɗin duka. Ɗanladi ya ce, "Ka gani? Na gaya maka." Yoshiya ya juya ya tafi.

Kwana biyu bayan haka, ba don jarumta ba, sai don ba shi da sauran abin da zai yi asara, ya ɗauki kwafin faktir da takardar yarjejeniyarsa da Alhaji ya nufi biron ƙungiyar a Maradi. Ya sha wucewa ta ƙofar, bai taɓa shiga ba. Mai gadi ya nuna masa ɗakin mai kula da kuɗi, wata mata mai tabarau da ake kira Madam Nafisa. Ta karanta takardunsa, ta buɗe ordinata, wato kwamfuta, ta ɗan juyo masa da fuskar na'urar.

"Wannan kwangilar an biya ta duka tun ranar ashirin ga Nuwamba. Ga sa hannunsa." Ta cire tabarau. "Me ya sa ba ka zo ba tun tuni?"

Ta tambaye shi ko famfon na aiki, ya ce yana aiki, sannan ya gaya mata sauran, bai rage komai ba. Sai ta ɗauki waya. A gabansa ta kira Alhaji ta shaida masa cewa akwai wani kuɗinsa na wata kwangila a kan teburinta, kuma ba zai motsa ba sai ta ga shaidar an sallami Malam Yoshiya. Maganar ba ta kai minti uku ba. Da ta ajiye ta ce masa ita ma dole ta rubuta abin da ya yi wa matan a rahotonta, kuma kada ya sa ran aiki daga wajensu nan kusa. Ya ce ya yarda.

Ranar Alhamis direban Alhaji ya kawo masa jikka ɗari huɗu cif a cikin ambulan, ba gaisuwa, ba saƙo. Yoshiya ya zauna a bakin gado da ambulan a hannu. Abin da ya ci masa duka safiya ɗaya ce kawai, da esansin dala ɗari biyu. Ya lissafa tun daga Nuwamba zuwa Afrilu ya ga sau nawa ya bi ta ƙofar biron ƙungiyar nan zai je shan lemo.

"Tashi ka kai musu," in ji Saloma. "Kada ya kwana a gidan nan."

Ya tarar da Inna Dije tana tuge matattun tumatir tana tarawa a gefe. Ta kira mata biyu su zama shaida, ta zauna a kan bokiti ta ƙirga jikka ɗari da tamanin ɗin a nitse. Ya ƙara hamsin a kai ya ce na asarar da ya jawo ne. Ta ture su gefe.

"Namu munka sani. Wannan riƙe abinka."

"Inna, ki yafe mini. Na zalunce ku."

"Na yafe, ɗan nan. Allah shi yafe muna baki ɗaya." Ba ɗaci a muryarta, gajiya ce kawai. "Amma ban iya yafe maka na wasu. Kowa da bakinta."

Ya tambaya ina sauran matan, don bai ga fiye da goma sha biyar ba. Ta ce wasu na gida, sun ce sai damina. Tara sun fita daga noman garkar gaba ɗaya, mazansu sun ce ba za a sake zuba kuɗi a abin da mutum ɗaya zai iya zuwa ya kashe da sukurdireba ba. Zogalen da suka yi alkawarin kai wa wani mai saye a Maradi, mutumin ya nemi na wasu.

"Ɗelu fa?"

"Ɗelu ta tahi. Tattasan nan shi ne abincinta har kaka. Tunkiyarta ta sai da ta sa cikin kuɗin da munka kawo maka. Shekaranjiya ta bar ɗiyan wajen uwarta, ta bi mota zuwa Jibiya, wai akwai mai tuwo-tuwo da ke neman mai wanke-wanke."

Ya ce a ba shi lambarta. Inna ta ce Ɗelu ba ta da waya. Kasonta jikka goma sha huɗu ne, za ta ƙulle shi daban ta ajiye mata.

Ya miƙe ya ce bari ya duba famfon kafin ya tafi, kuma daga yau duk gyaran da ya taso kyauta zai yi musu. Da ya zagaya gindin shato sai ya tsaya. An kewaye ƙwaƙwalwar da kejin ƙarfe sabon walda, an rataya masa kwaɗo babba. Makullin na rataye a wuyan Inna Dije a jikin zare.

"Mun yi shawara," ta ce daga bayansa. "Akwai wani Nasiru a Gabi, shi za mu riƙa kira. Ba don ƙiyayya ba. Matan ne ba su son ganin hannunka a wurin."

Ya ce sun yi daidai. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, wasu suka amsa, wasu suka ci gaba da aikinsu.

Ya biya Ɗanladi ragowar bashinsa, ya koma sayen kaya a Maradi. Aiki bai yanke masa ba, don masu garake na ƙaruwa, masu gyara kuwa kaɗan ne, sai dai yanzu akan tsaya a kansa har ya gama. Da damina ta faɗi ya sayi ƴan zogale ɗari biyar a wajen wani mai reno ya aika garkar a amalanke, bai ce a faɗi sunansa ba. An gaya masa sun karɓa sun dasa.

Sau biyu yana zuwa Jibiya sayen batir, sau biyun yana bin rumfunan masu tuwo na bakin tasha yana tambayar wata Ɗelu ƴar Madarumfa. A zuwa na biyu wata mata ta ce ta san ta, ta yi wata uku a wajenta, sannan ta wuce Katsina. Ba ta san unguwar ba.